Neman Asalin Wani Gida a Birnin Katsina ta Takardun Ƙidaya da na Haraji

Gidan da wannan bayani ya shafa gidan 'yan kasuwa ne a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Guga. Ba zan kama sunansu ba, haka ma ƙauyen da suka fito, don da wannan sharaɗi suka yarda a rubuta. Maigidan, wanda zan riƙa ce wa Alhaji, ya haura saba'in. Yana da ƙanne maza da mata, ga 'ya'ya da jikoki warwatse daga Kano har Legas, da kuma ɗa guda likita a Ingila. Duk shekara bayan babbar salla sukan yi taron zumunci, kuma a wani taron ne aka tsai da shawarar buga kalanda mai ɗauke da salsalar gidan. Da aka zo rubutawa sai aka cije. Babu mai iya wuce kakan Alhaji, wanda yara suka sani da Baba Tsoho, shi ma ɗin ana gardama kan sunansa na yanka.

Abin da kowa ya haddace tun yana yaro magana uku ce. Baba Tsoho daga Maraɗi ya zo. Jinin sarautar Haɓen Katsina ne, waɗanda suka bar birni bayan 1807 lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi gari. Sannan shi ya sari ƙauyensu da ke ƙasar Kaita, dab da iyaka. Ni malamin tarihi ne, na kuma saba shiga gidan adana tsofaffin takardu, shi ya sa aka nemi in taya su tantance waɗannan maganganu kafin a kai aiki wurin mai buga kalanda.

Likitan ne ya kawo batun ƙidaya. A Ingila tun ƙidayar 1841 ake rubuta sunan duk wanda ya kwana a gida daren ƙidaya, da shekarunsa da sana'arsa. Gwamnati takan kulle takardun shekara 100 sannan ta buɗe wa jama'a. Na 1921 a Janairun 2022 aka sake su. Amurka kuwa shekara 72 take jira, ta buɗe na 1950 a Afrilun 2022. Ya ga abokan aikinsa suna zaune a falo suna ciro kakannin kakanninsu a kwamfuta, sai ya bugo wa mahaifinsa waya ya ce ai abu mai sauƙi ne, a je a duba ƙidayar Turawa, sunan Baba Tsoho na nan.

Aikina na farko shi ne in rage mashi wannan zato, don a nan ba haka abin yake ba.

Ƙidayar 1911 da ta 1921 a Arewa yawanci ƙiyasi ne da aka ɗauko daga lissafin haraji. Ta 1931 ma haka, in ban da 'yan garuruwa da ƙauyukan da aka zaɓa aka bi gida-gida. Sai a 1952 aka yi wa Arewa abin da za a kira ƙidaya ta sosai, wadda da aka haɗa da ta Kudu a 1953 ta ba da mutum miliyan 30.4. Amma abin da aka buga aka ajiye adadi ne: lardi kaza mutum kaza, gunduma kaza maza kaza mata kaza. Ta 1962 an soke ta saboda rigima, aka sake a 1963 aka samu miliyan 55.7. Ta 1973 ita ma an soke. A 1991 da 2006 an tambayi sunaye, gaskiya ne, amma doka ta sa waɗannan takardu sirri ne, abin da ya fito fili shi ne jimilla, kamar miliyan 5.8 da aka ba Jihar Katsina a 2006. To ko da an buɗe su yau, Baba Tsoho ya daɗe da rasuwa kafin 1991.

Sai dai akwai wata ƙidayar da ake yi kowace shekara, wadda talakan Arewa ya fi sani, ya kuma fi tsoro: ƙidayar haraji. Ita ce ke da sunaye. Kafin Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin rafi da kuɗin karofi da jangali, kowanne da mai karɓarsa. Dokar Lugard ta 1906 ta tattara yawancinsu suka koma haraji guda, aka fitar da hakimai daga birni suka je suka zauna a gundumominsu, aka ɗora wa dagatai da masu unguwa tarawa. A Katsina ne ma aka fara kafa Baitulmali a duk Arewa, farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, tare da Baturen mulki H. R. Palmer. Baitulmali kuwa ba ya tafiya sai da rubutu. Daga nan har 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta, kusan kowane baligi namiji a ƙasar nan sunansa ya taɓa shiga takardar malamin haraji. Nan muka karkata.

Amma kafin takarda, sai da muka fara da Goggo.

Goggo ita ce autar Baba Tsoho, ɗiyar matarsa ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka zauna da shi. Ba ta san shekarar haihuwarta ba. Ta san dai tana talla, ba a yi mata aure ba, lokacin da labari ya iso ƙauye cewa Sarki Dikko ya rasu. Wannan 1944 ke nan, shekarar da aka naɗa Usman Nagogo. Da irin wannan ake auna shekarun tsofaffi, ma'aikatan ƙidaya ma da jerin manyan abubuwan da suka faru suke yawo don wannan dalili. Mun zauna a ɗakinta bayan la'asar, ni da Alhaji da ƙanensa. Ƙanen ya daɗe yana cewa sunan malamin mahaifinsu aka sa wa Alhaji, ba na kaka ba. Shi ya fara tambaya.

"Goggo, wai mene ne ainihin sunan Baba Tsoho?"

Ta dube shi ta ce, "Kai, ji wannan yaro. Ni ce zan kama sunan ubana? Ga mai sunan nan zaune kusa da kai. Ka taɓa jin na kira shi da wani abu in ba Baba ba?"

Gardamar shekaru ta mutu a nan. Wannan hanya ce da masu neman asali ke rainawa, alhali a gidan Bahaushe duk wanda ake ce wa Baba ko Abba ko Ummi ko Inna tun yana cikin tsumma, akwai babban da aka ɓoye sunansa a jikinsa. In ka jera waɗannan laƙabai na gida guda, ka tambayi wa aka mayar wa kowanne, rabin salsala ta fito.

Goggo ta ba mu abubuwa biyu da ba mu tambaya ba. Na farko, ta ce yakan ce shekarar Kakalaba ya shigo, "da ƙafa, ba shi da komai sai gora da sanda." Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta koro mutane da yawa daga ƙasar Faransi suka gangaro kudu. Na biyu, zanen fuskarsa. Ta ɗora yatsunta a kumatu ta ja daga gefen baki zuwa kunne, layi bisa layi. Ta ce in ya shigo birni Yarbawa masu tireda na ganinsa sai su hau yi mashi tsiya, shi ma ya rama, a yi ta dariya. Na lura Alhaji ya yi shiru. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wa ke wasa da Yarbawa. Gobirawa ne.

Na rubuta na ajiye, ban ce komai ba a lokacin. Bakin mutum ɗaya bai isa a rushe abin da gida ya ginu a kai ba.

Sai adakar mahaifin Alhaji, wadda ke ƙarƙashin gado tun rasuwarsa. A ciki akwai gafaka da Alƙur'ani rubutun hannu, da wani gwangwanin alawa mai tsatsa cike da takardun haraji. Kowace ba ta wuce tafin hannu ba, an ninke ta huɗu, tsakiyar ninkin ya yi baƙi da gumi, don a aljihu ko cikin hula ake yawo da ita. Wanda dogari ko ɗan doka ya tare a hanya bai nuna ta ba ya san sauran. Akwai lamba a sama, sai sunan gari, sunan mai biya, da kuɗin. Wasu shekarar ta goge. Amma takardar da kanta tana faɗin zamaninta: wadda aka rubuta sule da sisi ta riga Janairun 1973, lokacin da naira da kwabo suka shigo, wadda ke ɗauke da sunan En'e ta Katsina ta girmi wadda ke ɗauke da sunan ƙaramar hukuma, don ƙananan hukumomi irin na yanzu gyaran 1976 ne ya kawo su. Da haka muka jera su. Suka nuna mana lokacin da mahaifin Alhaji ya daina biya a ƙauye ya koma biya a birni, wato ƙaurar gidan zuwa Katsina. A cikin gafakar kuma akwai wata 'yar takarda da ya riƙa rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, da rana da watan Musulunci, wani wurin da shekara wani wurin babu. A ƙasan ta ya rubuta rasuwar mahaifinsa. Za mu dawo kan wannan layi.

Kaduna

Gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna shi ne ma'ajiyar fayilolin tsohuwar Jihar Arewa. Wanda zai nemi wani abu game da Katsina a can, akwai abin da ya kamata ya riƙe: Katsina ba ta zama lardi mai kanta ba sai 1934. Kafin nan tana ƙarƙashin lardin Kano, daga 1926 kuma aka mayar da ita ƙarƙashin Zariya. Don haka takardun farkon zamanin Turawa ba lallai a same su cikin fayilolin lardin Katsina ba, wasu suna cikin na Kano, wasu na Zariya, wasu na ofishin sakataren Arewa. Mutane da yawa sukan duba wuri ɗaya su dawo su ce babu.

Abin da muka nema shi ne rahoton kimanta haraji na gunduma. Yadda ake yinsa, Bature mai mulki ya hau doki da tafinta da malamai, ya zaga gunduma gari-gari, ya ƙirga maza da mata da yara, da shanu da awaki da jakuna, ya rubuta masu sana'a: maƙera nawa, marina nawa, masaƙa nawa, mahauta nawa. Ya kimanta abin da gona ke bayarwa, ya yanke abin da gari zai biya. A gaba yakan sa ɗan tarihin kowane gari kamar yadda dagaci da dattawa suka faɗa mashi. Sunan talaka ba ya ciki. Amma sunan mai sarar gari da jerin dagatai yakan shiga.

Ƙauyen ya ba mu wahala kafin mu gane shi, saboda Baturen ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, ba ƙugiya ba komai, har harafin farko ya sauya. Da maƙwabtan garuruwa muka kama shi. A rahoton ba gari ba ne mai dagacinsa, unguwa ce ƙarƙashin wani gari, kuma an ce wani marini ne da ya fito daga birni ya sare ta bayan zuwan Turawa. Wannan ya dace da abin da aka sani game da yankin. A ƙarni na 19 arewacin Katsina filin yaƙi ne tsakanin Katsina da Maraɗi, mutane suna cikin garuruwa masu ganuwa, ba mai zama a daji. Sai bayan 1903, da hare-hare suka lafa aka kuma shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, sannan aka fantsama ana saran sababbin gonaki. Sunan marinin ba sunan Baba Tsoho ba ne.

Takardun gidan Magaji

Abin da Kaduna ba ta da shi, a zauren dagaci muka same shi, wanda a nan Katsina aka fi ce wa magaji. Alhaji ya riga ya aika da goro. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka shi daɗe, mun zo neman tsofaffin takardun haraji ne, in Allah ya sa akwai saura." Magaji ya yi dariya ya ce rabon da wani ya tambayi waɗannan takardu tun yana saurayi, kuma a da in an tambaye su ba alheri ba ne. Ya sa aka fito da wani buhu. Gara ta ci kusan rabi, ruwa ya manne wasu. Abin da ya tsira ba a jere yake ba, shekaru da yawa babu su sam.

Sai mutum ya san yadda aka rubuta irin wannan takarda kafin ya karanta ta, in ba haka ba za ta yaudare shi. Lokacin ƙidaya, malamin haraji yakan zauna a ƙofar gidan mai unguwa, mai unguwa na kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya yadda gidajensu suke jere, malam na rubutawa. A ƙarƙashin kowane maigida a sa baligan maza da ke cikin gandunsa: 'ya'ya, ƙanne, barori, baƙin da suka zauna. Mata adadinsu kawai ake sawa, in ma an sa. Yaro ba ya shiga sai an ga ya isa haraji, kuma kowane uba ƙoƙarinsa a ce ɗansa bai isa ba, har akan tura samari daji ko garin dangi ranar ƙidaya. Tsoho da makaho da kuturu da gurgu akan ɗauke masu. Wanda ya tafi cin rani wata shekara a rubuta shi wata shekara a manta. Ga kuma tsohuwar al'adarmu ta ƙin ƙirga 'ya'ya. Mai rubutu kuɗi yake nema, mai amsawa gudun biya yake yi, takardar kuma a tsakaninsu aka haife ta. (Abin dariya, jikokin masu ɓoye 'ya'yan nan su ne suka koma ƙara yawansu da ƙidaya ta zama hanyar rabon kujeru da kuɗi, abin da ya kashe ta 1962 da ta 1973.)

A unguwar akwai mutum uku masu sunan Baba Tsoho. Likitan, da aka tura mashi hotunan ta waya, nan take ya zaɓi wanda ya fito a matsayin maigida a takarda mafi tsufa, ya ce ga shi nan. Kama da wane ba ta wane. Wannan an rubuta mashi mahauci a gaban suna, kuma jikokinsa suna nan a garin, sun san kakansu. Na biyu ya ɓace daga takardun da wuri. Na uku ne namu, kuma jerin gidaje ne ya tabbatar: Goggo ta lissafa mana maƙwabtansu na gabas da na yamma tun kafin mu zo, sai ga sunayen nan biyu, ɗaya a samansa ɗaya a ƙasansa, shekara bayan shekara.

Takarda mafi tsufa da ajami take, ba shekara a jikinta. Sunan dagacin da ke samanta muka gwada da jerin dagatan da muka kwafo a Kaduna, ya nuna ta riga kafa lardin Katsina. A cikinta Baba Tsoho ba maigida ba ne. Yana ƙarƙashin gidan marinin nan, bayan 'ya'yan marinin maza. A takardun baya, waɗanda aka koma rubutawa da boko, ya fito da gidansa, jikin na marinin, shi ma an sa mashi marini, sannan sunan mahaifin Alhaji ya bayyana a ƙarƙashinsa.

Daga baya sunansa ya ɓace, ɗansa ya zama maigida. Likitan ya ce to ga shekarar rasuwa. Goggo ta ce a'a, yana da rai shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi hawan daba a Kaduna, don yana zaune a zaure aka ba shi labarin dawakai. Wannan 1956 ne, shekaru bayan ɓacewar sunan. Layin da ɗansa ya rubuta a cikin gafaka ya goyi bayan Goggo. Da aka ƙara tambayarta sai ta ce ai idonsa ya tafi tun kafin a yi mata aure. Makanta ce ta fitar da shi daga takarda, aka ɗauke mashi haraji. Da mun bi takardar ita kaɗai, da mun binne shi yana raye.

Akwai wani abu da muka gani a takardar ajamin da ba mu je nema ba. A can ƙarshen gidan marinin akwai wani mutum mai irin sunayen da ake sa wa bayi. Dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma da yawa sun ci gaba da zama a gidajen iyayengijinsu. Zuriyar wannan mutum suna nan, har akwai auratayya tsakaninsu da gidan Alhaji. Magaji ya gani, Alhaji ya gani, aka juya takarda. Mun yanke cewa wannan ba namu ba ne da za mu rubuta, kuma ina ganin daidai muka yi. Wanda zai tona tsofaffin takardu a ƙasar Hausa ya shirya cin karo da irin wannan, ya kuma san cewa asirin wani gida ne ya faɗo hannunsa.

Inda mata suka fito

Tambayar da ta rage ita ce me ya zaunar da baƙo a gidan marini har ya gaji sana'a ya samu fili jikin gidan. Takardar haraji ba za ta amsa ba, don ba ta san mace ba. Wadda ta san mace ita ce takardar alƙali. Shari'a ta ba mata da 'ya'ya mata rabo a gado, saboda haka duk inda alƙali ya raba gado dole ya rubuta sunan kowace, da dangantakarta da mamaci. A ganina, ga mai neman salsala a ƙasar nan, takardar rabon gado guda ɗaya ta fi takardun haraji goma.

Jikokin marinin ta wajen maza suna ƙauyen har yanzu, kuma wani dattijo cikinsu yana riƙe da takardar rabon gadon kakansu, don da ita suke kare gonakinsu. Da Larabci take, da hatimin alƙali a ƙasa. An fitar da ushira, an ba matan mamaci tumuninsu, sannan aka jera 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Cikin 'ya'ya matan akwai uwargidan Baba Tsoho, kakar Alhaji, wadda ƙanwar Alhaji da ake ce wa Inna ke ɗauke da sunanta. Rabonta yanki ne na gona, kuma ita ce gonar da gidan Alhaji ke kira gonar gado har yau, suna ɗauka Baba Tsoho ne ya sare ta.

To ga yadda maganganun uku suka kasance. Cewa daga arewa ya zo, ta tsallaken iyaka, babu abin da ya saɓa mata, kuma zuwansa lokacin Kakalaba ya dace da matsayinsa a takarda mafi tsufa. Cewa shi ya sari gari, ba haka ba ne, surukinsa ne ya sara. Amma gidan Alhaji jinin mai sarar garin ne duk da haka, ta wajen kakarsu. Labarin bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, ɗauke shi aka yi daga kan mace aka ɗora wa mijinta, abin da na sha gani a gidaje da dama. Cewa jinin sarautar Haɓen Katsina ne kuwa, babu takarda ko ɗaya da ta taɓa wannan, zanen fuska da wasan Yarbawa kuma Gobir suke nunawa. Tsibiri, inda sarautar Gobir ta zauna bayan jihadi, tana dab da Maraɗi, kuma a bakin mutanen nan duk wanda ya fito ta wannan fuska daga Maraɗi ya zo. Daga "ya zo daga Maraɗi" zuwa "ɗan sarkin Maraɗi ne" tafiyar baki biyu ce ko uku.

Na ba su shawara a rubuta salsalar da alama iri uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da baki biyu da ba su haɗu ba suka faɗa, da abin da baki ɗaya ya faɗa. Alhaji ya karɓa ba musu. Ya ce mutumin da ya shigo gari da gora da sanda, ya tsaya a bakin karofi har aka yarda da shi aka ba shi ɗiya, ba abin kunya ba ne a ce shi ne kakanka. Ƙanensa bai ji daɗi ba. Hujjarsa ita ce rashin takarda ba ya kore magana, ɗan sarki ma yunwa na iya koro shi, kuma ana iya yi wa yaro zanen dangin uwa. Ban ce ba shi da gaskiya ba ta wannan fuska, na dai ce mashi nauyin kawo shaida yanzu a kansa yake. Aka daidaita a kan a sa maganar sarautar a gefen kalanda da ƙananan baƙaƙe, a rubuta "ana cewa". Matan gidan kuma suka dage sai an sa sunan kakar da na mahaifinta marini a sama, aka sa.

Saura ɓangaren tsallake. Faransawa su ma sun yi ƙidayar haraji a ƙasar da suka mulka, kuma nasu littattafan sukan jera magidanta da mutanen gidansu, tsofaffin takardun mulkinsu kuma a Yamai ake ajiye su. Amma mutumin da ya bar gida yana saurayi cikin yunwa da wuya ya bar sawu a irin wannan littafi, sai dai ubansa ko 'yan'uwansa. Goggo ta yarda ta faɗi sunan kakanta na wajen uba, tunda ba ta taɓa ganinsa ba, ta kuma tuna sunan wata rijiya da mahaifinta ke yawan ambata. An shirya ƙanen Alhaji ya je Tsibiri da waɗannan biyun, sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka rufe iyaka, tafiyar ta tsaya. Yanzu ƙanen ya ce zai je, ya fara da gidan wanzaman garin, don su suka san zanen kowane gida. An kuma ɗora wa wata jikar Alhaji da ke karatu a jami'a ta riƙa zama da Goggo duk ranar Juma'a tana ɗaukar maganarta a waya, a fara da sunayen kishiyoyin mahaifiyarta da garuruwan da aka kai 'ya'yansu aure.